Shawara: Uwar mijina ta ce jinin gidanmu ne ya ba ɗana asma

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni matar aure ce a Garwa, muna zaune gida ɗaya da mahaifiyar maigidana. Ɗana na fari shekararsa 7. Tun yana goye fatarsa take ƙuraje da ƙaiƙayi a bayan gwiwa da lanƙwasar hannu, da ya kai shekara 3 kuma sai abin ya koma ƙirji. Da zarar hunturu ya shigo, dare ya raba, sai tari, sai numfashinsa ya riƙa fito. A asibiti sun ce asma ce, sun ba mu famfo biyu na shaƙar magani, shuɗi da mai ruwan ƙasa. Hajiya ta ɓoye mai ruwan ƙasan, wai in yaro ya saba da famfo ba ya rabuwa da shi. In ciwon ya tashi sai ta aika a sayo masa ƙwayar deksa a kasuwa, kuma gaskiya yana samun sauƙi. Ita mai son turaren wuta ce, kasko ba ya mutuwa a falonta, kuma a nan yaron yake wuni.

Abin da ya fi ci mini rai, ƙanena yana da asma, sai Hajiya ta kafe cewa jinin gidanmu ne, su a zuriyarsu ba su san wannan ciwo ba. Maigidan yakan yi ta atishawa idanunsa na ruwa duk lokacin hazo, amma ta ce wannan mura ce kawai. Yanzu ina da ciki wata biyar, har ta fara yi masa zancen ƙaro aure daga gida mai lafiyayyen jini. Wata ƙawata ta ce a ƙasar waje ana gwajin gado, a aika da yawu a faɗa maka daga wajen wa ciwo ya fito. Ina da sarƙa da 'yan kunne na zinariya. In sayar in yi gwajin ko don in wanke kaina? Ni ce na ba shi ciwon? Na cikin nan fa?

Daga uwa mai damuwa, Garwa

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba yaro lafiya, ya sauke ki lafiya.

Ki bar zinariyarki a inda take. Babu gwajin da zai ɗauki yawun yaro ya ce wannan asmar ta uwa ce ko ta uba ce, kuma duk wanda ya karɓi kuɗinki a kan haka ya ci banza. Akwai cututtukan da ake bin sawunsu a gane daga ina suka zo, kamar sikila, wadda canjin harafi ɗaya ne a wuri ɗaya sananne, kuma ko ita sai uwa da uba sun haɗu sun bayar. Asma ba ta cikin wannan layi. Zan ɗan ja ki nesa don ki ga dalili, domin na lura maganar Hajiya ta fara shiga zuciyarki, kuma "ki yi haƙuri" kawai ba zai fitar da ita ba.

Jikin ɗanki an gina shi da ƙwayoyin halitta, kuma a tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai zaren gado da ake kira DNA, wanda masu karatun Faransanci a nan suka sani da ADN. Yana zuwa a dunƙule 46, ke kin ba da 23, babansa ya ba da 23, babu wanda ya fi wani ko da ɗaya. Da za a warware zaren ƙwaya guda a miƙe shi, zai kai kusan mita 2, amma an cusa shi a wurin da ido ba ya gani sai da madubin likita. Don haka dole a naɗe shi. Shekaru da yawa ana ɗaukar naɗin a matsayin dabarar ajiya kawai. Yanzu an gane cewa naɗin yana cikin abin da ke yanke hukuncin wane umarni zai yi aiki, wane zai yi shiru.

A cikin zaren nan akwai umarni kimanin 20,000 na ƙera sinadaran da jiki ke aiki da su, amma duk gaba ɗayansu ba su wuce kashi 2 cikin 100 na tsawonsa ba. A cikin ragowar akwai wasu gajerun wurare da ba sa ƙera komai, aikinsu su zuga wani umarni ya tashi ya yi aiki da ƙarfi. Mu kira su 'yan zuga. An fara gano su a 1981 a Zurik ta ƙasar Suwizalan, a jikin wata ƙwayar cuta, sannan a 1983 aka samu irinsu na farko a jikin dabba, kuma a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki aka same shi. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne ɗan zuga yakan zauna nesa ƙwarai da umarnin da yake zugawa, wani lokaci da tazarar haruffa dubu ɗaruruwa. To yaya muryarsa take isa?

Ki ɗauki atamfa yadi shida ki shimfiɗa. Furen da ke wannan baki da wanda ke wancan baki ba su san juna ba. Ki ninke ta, sai ga su sun kwanta fuska da fuska. Ki warware ki sake ninke ta wata hanya, sai furen farko ya haɗu da wani dabam, wancan kuma ya koma can ƙasa ba ya taɓa kowa. Atamfar ba ta canja ba, ninkin ne ya canja. Haka zaren gado yake: iri ɗaya ne a ƙwayar fata da ta huhu da ta jini, amma kowace da irin naɗinta, shi ya sa kowace da aikinta. Akwai sinadaran da ke jan zaren su yi masa madauki, akwai kuma wani mai suna CTCF da ke zama a kan iyaka ya ce madauki ya tsaya nan. Tun 2009 aka samu dabarar da ke nuna wane sashe ke taɓa wane a duk tsawon zaren.

Yanzu mu zo kan ƙirjin ɗanki. Ƙwayoyin garkuwar jiki a ɓargo ake haifarsu. Wasu daga cikinsu sukan tafi wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji mai suna taimus, wadda take da girma a jikin yara ta kuma ƙanƙance bayan balaga, a can suke zama ƙwayoyin T. Wannan zama ɗin ma da naɗi ake yinsa. An gani a jikin ɓera cewa kafin ƙwaya ta tabbata T, sai wani ɗan zuga da ke nesa da haruffa kimanin 850,000 ya naɗo ya taɓa wani umarni mai suna Bcl11b. In ƙwayar ta fito ta shiga jini, tana nan ba ta zaɓi sana'a ba tukuna. Abin da ta fara karo da shi, da saƙon da fata ko bututun numfashi suka aiko mata, su ne ke sa ta karkata. A 1986 wasu masana biyu a Amurka, Mosmann da Coffman, suka nuna cewa waɗannan ƙwayoyi sukan rabu gida biyu: wasu su ƙware a yaƙi da ƙwayoyin cuta masu ɓuya cikin ƙwayoyin jiki, wasu kuma, da ake kira Th2, su ƙware a kan tsutsa.

Th2 ɗin nan su ne namu. A dunƙule na 5 na zaren gado akwai umarni uku da suke amfani da su, IL-4 da IL-13 da IL-5. Biyun farko maƙwabta ne, na ukun yana can da tazarar haruffa sama da 100,000, kuma a tsakaninsu akwai tarin 'yan zuga. A 2004 masana a jami'ar Yel suka nuna a ƙwayoyin T na ɓera cewa wurin nan yakan naɗe har umarnin uku da 'yan zugansu su taru waje guda. In wani sinadari mai suna GATA3 ya yawaita ya hau kan 'yan zugan, sai ukun su tashi tare. IL-4 ya sa a ƙera wani makami mai suna IgE, wanda ke manne wa wasu ƙwayoyi cike da sinadarin ƙaiƙayi da kumburi. IL-13 ya sa majina ta yawaita, bututun numfashi ya zama mai saurin tsukewa. IL-5 ya kira wasu fararen ƙwayoyin jini su cika wurin. In tsutsa ce a hanji, wannan aiki ne mai kyau, majina da matsewa su ne ke kore ta. In kuwa ƙura ce ko kashin kyankyaso ko garin furen ciyawa, to fiton numfashin da kike ji da tsakar dare ke nan. Kuma ƙwayar da ta taɓa buɗe wannan wuri takan bar shi a buɗe, 'ya'yan da ta haifa su gaji buɗewar, shi ya sa bana ciwon ya fi saurin tashi a kan bara. Ƙurajen da ya yi yana goye, da asmar yanzu, da borin jini da wasu yara ke yi, duk daga wannan tushe suke.

Atishawar maigidanki da ruwan idonsa ma daga nan suke. Murar da ke zuwa da hazo ta tafi da hazo, ba zazzaɓi, ido na ƙaiƙayi, kowace shekara, da wuya a ce mura ce. Na faɗa miki wannan don zuciyarki ta huta ne, ban ba ki don ki je ki yi wa Hajiya gori da shi ba. Laifi tudu ne, in kika hau nata ita ma za ta hau naki, yaron kuma yana tsakiya yana tari.

To ina gadon yake? Yana nan, ba zan ɓoye miki ba, asma tana bin dangi. Amma da aka duba zaren gadon dubban mutane ana neman bambancin masu asma da marasa ita, ba a samu wani umarni ɗaya da ya lalace ba. An samu ƙananan bambance-bambance ne a wurare da yawa, sun haura 100, kuma mafi yawansu ba a cikin umarnin suke ba, a cikin 'yan zuga suke da wuraren da ke riƙe naɗi. Kowanne ɗan turi kaɗan yake yi, kuma mutane masu lafiya garau suna ɗauke da su birjik. Ke kina da naki kaso, maigida yana da nasa, Hajiya da ta haife shi ma tana da nata. Yaro yakan kwashi wasu nan wasu can, in suka taru suka yi nauyi sai ya zama mai saurin kamuwa. Ko tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, masu zare iri ɗaya sak, sau da yawa ɗaya na da asma ɗaya ba shi da ita.

Akwai misali ɗaya da nake so ki riƙe. A 2007 aka gano wani wuri a dunƙule na 17 da ya fi kowanne alaƙa da asmar ƙuruciya, kuma daga baya aka ga cewa wasu bambance-bambancen wurin suna canja inda CTCF ke zama, wato suna canja naɗin kansa. A 2008 wani bincike a Faransa ya nuna cewa haɗarin wannan wuri ya fi tsanani ga yaran da suka shaƙi hayaƙin taba tun suna ƙanana. Daga baya aka ga a ƙauyukan Turai cewa jarirai masu wannan bambanci ɗin dai, in ana shiga da su garken dabbobi, fiton da numfashinsu ke yi ya fi raguwa. Harafi ɗaya ne, amma abin da yaro ya shaƙa shi ne ya nuna inda zai karkata. Irin haka aka gani a 2016 a Amurka tsakanin wasu al'ummomi biyu na manoma masu asali kusan ɗaya: yaran Amish, da ke tashi kusa da shanu da dawaki, kimanin 5 cikin 100 ke da asma, na Hutterite masu noman inji kuwa kimanin 21. Wannan ba ya nufin ki kai mai asma ya kwana a turke, wanda ciwon ya riga ya kama sai dai a kiyaye masa. Ki kuma sani mafi yawan binciken nan a kan Turawa aka yi, kuma abin da aka samu a dunƙule na 17 bai fito da ƙarfi haka a jikin masu asalin Afirka ba. Ko da kin sayar da sarƙar, da ma'aunin wasu za a auna ɗanki.

Na cikinki, gaskiya yana da ɗan haɗari fiye da yaron da babu wannan ciwo a danginsa, amma rabonsa na haruffa daban ne da na yayansa, kuma da yawa daga ƙannen masu asma ba sa yinta. Babu mai iya faɗa miki tun yanzu. Matar da Hajiya ke hange ma babu mai iya ba da tabbaci a kan 'ya'yanta, tunda rabin zaren daga ɗanta zai fito ko wace ce uwar. Abin da ke hannunki shi ne iskar da kike shaƙa. An auna jinin cibiyar jarirai an ga cewa tabar da uwa ta sha tana barin alama a kan zaren gadonsu. Ke ba kya sha, amma kada ki zauna inda ake sha, kuma in da hali ki riƙa girki a fili, ba a rufaffen madafa da ɗanyen itace ba. In kin haihu ki shayar, ki kula da fatarsa da mai tun da wuri in ta fara bushewa, kada kuma ki hana shi kunun gyaɗa don tsoro in ya isa cin abinci, sai in yana da ƙuraje masu tsanani, sai ki fara tambayar likita.

Yanzu abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki, wanda ke kika ambata a wuce: famfon da aka ɓoye da deksar kasuwa. Wannan ya fi zancen kishiya gaggawa. Shuɗin famfo buɗe bututu kawai yake yi na 'yan sa'o'i, ba ya taɓa kumburin. Mai ruwan ƙasan shi ne maganin asali. Sinadarin da ke cikinsa yana shiga har tsakiyar ƙwaya ya sa a rage karanta umarnin kumburi, irin su IL-5 da IL-13 ɗin nan, shi ya sa ba a jin aikinsa nan take, sai an yi kwanaki ana shaƙa safe da yamma ko yaro yana lafiya. Abin dariyar da ba na dariya ba, deksar da Hajiya ta yarda da ita dangin wannan magani ce, sai dai ita tana bin jini ta zagaye jiki duka da ƙarfi ninki-ba-ninki, shi kuwa famfo ɗan kaɗan yake kaiwa huhu inda ake bukata. Yaron da ake ɗura wa deksa a kai a kai fuskarsa takan kumbura, tsayinsa ya tsaya, ƙashi ya yi rauni, garkuwarsa ta faɗi. Famfo ba ya sa sabo. Yaro yana daɗewa da shi ne don ciwon mai daɗewa ne, kuma likita na rage shi in ƙirji ya lafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke da asma, ta kashe 455,000, mafi yawansu a ƙasashe irin namu inda famfon ke wuyar samu. Ku kun samu, yana cikin adakar Hajiya.

Ki koma asibiti cikin makon nan, ki faɗa wa likita gaskiyar sau nawa yaron ya sha deksa. In ya daɗe yana sha a jere, kada ki yanke masa kai tsaye, likita ne zai tsara yadda za a janye. In yana rama ko zazzaɓin dare, ki ce a duba tarin fuka ma. Ki roƙa a nuna miki shaƙa da gora: a samu gorar roba ta rabin lita, a huda gindinta daidai bakin famfo, a cusa ya zauna daram, yaro ya kama bakin gorar da leɓɓansa, a girgiza famfo a danna sau ɗaya, ya ja numfashi a hankali sau biyar ko shida, sannan a sake in likita ya ce biyu. An gwada wannan gora a kan yara a Afirka ta Kudu a 1999 aka ga tana aiki kamar na kanti. Ya kurkure baki bayan mai ruwan ƙasan. In kuwa kika ga ba ya iya ƙarasa magana, ko fatar tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa, ko leɓɓansa sun yi toka-toka, ko shuɗin famfo bai yi aiki ba, ki ba shi shuɗin a hanya ku nufi asibiti ko ƙarfe nawa ne, kada ki jira izinin kowa.

Hazo ba mu da iko da shi. Ƙurar nan daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, iska ta kwaso ta daga wajen Nuwamba har Maris, ba ta tambayar gidan wa za ta shiga. Sai dai a rufe taga ranar da ta yi kauri, a sa masa takunkumi in zai tafi makaranta, a yayyafa ruwa kafin shara, kuma a fara famfon kariya, wato mai ruwan ƙasan, da kyau tun kafin hunturu ya kankama. Maganin sauro na kunnawa ya bar ɗakinsa, gidan sauro ya isa. A shanya katifa a rana, a yaƙi kyankyaso.

Saura kaskon turare, kuma a nan sai da dabara. Kada ki ce wa Hajiya turarenta ne ke tayar wa jikanta da ciwo, ba daga bakin suruka za ta karɓi wannan ba. Ki zauna da maigida ku biyu, lokacin da ransa ke sanyi, ki karanta masa wannan amsa, ki bar zancen aure gefe ɗaya kada ki ko taɓo shi. Abu ɗaya za ki nema: ranar komawa asibiti shi ya ɗauki Hajiya ku tafi tare, a matsayinta na kaka mai kula da yaro, ta ji daga bakin likita, ta ga yadda ake shaƙar gora da idonta. Tsohuwar da ke aikawa kasuwa da kuɗinta a sayo wa jika magani tana sonsa ne, hanyar ce ba ta sani ba. In ta sauko, ku ba ta riƙon famfon safe, ita ke ba shi kafin ya tafi makaranta, turaren kuma ta riƙa sawa bayan ya fita, a buɗe tagogi kafin ya dawo. In ta ƙi zuwa, maigida ya karɓi takardar likita ya sayo wani famfon, ki ajiye shi a ɗakinki.